Baƙon Nesa da Baƙon Kusa: Yadda Masu Karatu a Gabashin Sakkwato Ke Hukunta Labaran Soyayya Tsakanin Al'ummu

Tun da Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa littattafan soyayya sunan Adabin Kasuwar Kano a 1994, yana kwatanta su da 'yan ƙananan littattafan kasuwar Anacha, aka shiga musayar alƙalami tsakaninsa da Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. Wannan muhawara duk ɗalibin adabin Hausa ya haddace ta, ba sai an sake zuba ta a faifai ba (dubi kuma Furniss 1996 da Larkin 1997). Hasashen cewa wannan adabi zai mutu kamar na Anacha bai tabbata ba, sai dai ya sauya sheƙa daga takarda zuwa waya. Amma reshe ɗaya na waccan suka yana nan da ransa, wato cewa labaran aro ne, ba su nuna rayuwar Bahaushe, kuma mai karanta su, musamman budurwar ƙauye, haɗiye su take yi ba tare da ta tauna ba. Yanzu an sake ɗaga wannan reshe a kan labaran da masoya ke fitowa daga al'ummu daban-daban: Bahaushiya da Balarabe, Bafulatani da Bayarabiya, ɗan masarauta da 'yar Indiya. Ana cewa karɓuwarsu shaida ce ta cewa an yanke mai karatu daga tushensa. Wannan maƙala tana ganin an duba ciwon a inda ba nan yake ba. Baƙon da ya zo daga nesa ba ya tayar wa mai karatu hankali. Wanda yake raba kan masu karatu shi ne baƙon da ke bayan katanga.

Da farko, jigon ba sabo ba ne, kuma ba daga waya ya faɗo ba. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, ɗaya daga cikin littattafai uku da suka yi nasara a gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya aka buga su a 1980, a kan wannan gaɓa ya ginu: budurwa Bafulatana ta kafe sai saurayi mai tushen Larabawa, dangi kuma suna ganin an keta alfarmar gida. Marubuciyar ta daɗe tana zaune a Gusau, garin da yake cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1996. Ke nan littafin da ake ƙirgawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, labarin aure ne tsakanin al'ummu biyu, kuma ya riga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da kimanin shekara goma. Larkin (1997) ya nuna yadda masu kallon finafinan Indiya da masu karanta littafin Gidan Dabino suke amfani da labarin wata duniya su auna tasu, musamman kan auren dole da ikon iyaye. Abin da bayaninsa bai tsaya a kai ba shi ne wane shinge ne mai karatu yake yarda a tsallake, wane ne kuma yake cewa a dakata.

Gabashin Sakkwato wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya, domin ba ƙasa ce ta jinsi ɗaya ba. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Manufar ribaɗi ita ce a zaunar da mutane iri-iri wuri ɗaya su tsare iyaka, su yi noma da sana'a da karatu.  Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, da Goronyo, inda aka datse gulbin Rima da madatsar ruwa, duk suna cikin kwarin da Fulani da Gobirawa da Adarawa da Zamfarawa da Buzaye suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, 'yan kasuwar kudu kuma suna zuwa sayen albasa da tafarnuwa. Haka nan sauraron rubutu a cikin taron mata ba baƙon abu ba ne a nan. Jajojin Nana Asma'u, da malfarsu a ka, sun riƙa ɗaukar waƙoƙinta suna kai wa matan ƙauyuka, a rera, a yi bayani, a yi tambaya. Ba ana cewa labarin soyayya magajin waƙar wa'azi ba ne. Ana cewa ne kunnen da yake saurarensa ya gaji al'adar jin magana a cikin jama'a da tattauna ta. Yau labarin yakan iso ta hannun mai cajin waya a bakin kasuwa, wanda zai tura wa yarinya littafin da aka karanta da murya a cikin memori. Da dare a ajiye wayar bisa tabarma a tsakar gida, mai tankaɗe tana ji, mai goyo tana ji, tsohuwa tana gyangyaɗi tana sa baki. Wadda ba ta iya karatun boko ba ma tana da ƙuri'a a wannan majalisa.

To me majalisar take cewa? Duk wanda ya bi sharhin da mata ke rubutawa a ƙarƙashin labarai a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad zai lura da wani tsari da yake yawan maimaita kansa. Idan jarumin yarima ne daga wata ƙasar Larabawa, ko ruwa biyu ne mahaifiyarsa 'yar Indiya ko Baturkiya, da wuya a ji mai cewa auren bai dace ba. Abin da ake nema ɗaya ne, ya zama Musulmi; in kuwa budurwar ce Kirista, to a ga ta musulunta don Allah ba don namiji ba, kuma a kan wannan sharaɗi na biyu ake yi wa marubuciya titsiye. Da an cika sharaɗin, sai sharhi ya koma kan kishiya da uwar miji da wulaƙancin masu kuɗi. Amma bari marubuciya ta haɗa 'yar gidan sarauta ko 'yar gidan malamai da ɗan maƙera, ko ɗan mahauta, ko ɗan maroƙa, ko wanda ake raɗe-raɗin kakansa bawa ne. Nan take zauren yake rabuwa biyu. Wasu su ce marubuciya ba ta san darajar asali ba, wasu su ce ai wannan shi ne jahilcin da addini ya zo ya kawar. Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo da ke da shago a cikin gari suna tsakiya: sun fi Balaraben littafi kusa, don haka sun fi shi jawo gardama.

Abin lura shi ne ma'aunin da ɓangarorin biyu suke ɗauka. Ba wanda yake kafa hujja da fim ɗin Indiya. Masu goyon bayan auren suna jawo ayar Suratul Hujurati da ta yi magana kan ƙabilu da fifikon taƙawa, waɗanda suka yi karatun Islamiyya mai zurfi kuma suna tuna cewa a mazhabar Malikiyya abin dubawa a kufu, wato daidaiton ma'aurata, shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke sa a raba aure, saɓanin Hanafiyya da Shafi'iyya da suke sanya nasaba da sana'a a cikin lissafi. Masu ƙi kuma ba sa musun wannan. Sai su koma ga haƙƙin waliyyi, da biyayya ga iyaye, da gorin da za a yi wa 'ya'ya gobe. Wannan gardama ce ta cikin gida, da kayan aikin cikin gida, kuma ta girmi littafin soyayya nesa ba kusa ba. Labarin dai ya samar mata rumfa ne inda budurwa za ta iya faɗin ra'ayinta a kan jarumar labari, alhali kowa ya san ba a kan jarumar kaɗai take magana ba.

Mai riƙe da ra'ayin aro yana da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Zai ce wannan sauƙin karɓar baƙon nesa shi ne ainihin cutar da yake nunawa. Me ya sa jarumin kullum fari ne, dogo, mai jirgin sama na kansa? Me ya sa ake siffanta jarumar da farar fata da gashi har gadon baya, a ce kamar Balarabiya ko Ba'indiya, sai ka ce baƙar mace ba ta cancanci a so ta ba? Zai ce yarinyar da ta tashi a gefen fadamar Wurno, ubanta yana fama da ban ruwan albasa, in aka cika mata kai da gidajen Dubai, to an koya mata raina manomin da zai zo neman aurenta, an kuma tura ta ga man shafawa mai sauya launin fata. Zai ƙara da cewa ko gardamar da ake yabawa ba ta tsinana komai, tunda a ƙarshen yawancin labaran sai a gano cewa talakan nan ashe ɗan sarki ne da aka sace yana jariri, shingen asali ya tsaya daram, marubuciya ta tsira daga fushin kowa.

Dole a ba shi gaskiyarsa a wurare biyu. Fifita farar fata ya yi katutu a waɗannan labarai, kuma dabarar ɓoyayyen ɗan sarki gudu ce daga fagen fama. Sai dai ko ɗaya daga cikin biyun bai tabbatar da cewa mai karatu haɗiya kawai take yi ba. Son farar fata da danganta kai da gabas sun daɗe a ƙasar Hausa kafin 'yan kasuwar Lebanon su fara kawo finafinan Indiya gidajen silima a shekarun 1950. Labarin Bayajida da ya zo daga Bagadaza ya auri sarauniyar Daura ya isa shaida. Aro kuma bai taɓa zama laifin da ke fitar da littafi daga adabin Hausa ba: Magana Jari Ce na Abubakar Imam cike yake da labaran da aka ɗebo daga Larabawa da Indiya da Turai, kuma Malumfashi kansa yana cikin waɗanda suka bi diddigin tushensu. Game da ɓoyayyen ɗan sarki kuwa, a tambayi dalilin da ya sa marubuciya take fakewa da shi. Tana yi ne don ta san masu karatunta. Marubuciyar intanet shafi-shafi take sakin labari, tana karanta sharhi kafin ta rubuta na gaba, sau da yawa kuma masu sharhin nan su ne suka biya kuɗin shiga zauren. Idan ta ja da baya daga aurar da 'yar sarki ga ɗan mahauci na gaskiya, matsin masu karatu ne ya tanƙwara alƙalaminta. Mai karatun da take iya sauya ƙarshen labari ba za a kira ta abin tausayi da ake ɗura wa guba ba. Ana iya zarginta da riƙo da tsohon shinge, amma wannan zargi kishiyar na farko ne.

A nan ya kamata a rage faɗin da'awar zuwa inda hujja ta kai. Sharhin zaure yana nuna abin da masu karatu suke faɗa, ba abin da suke aikatawa ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa ba. Wadda ta kare ɗan maƙera a waya tana iya yin shiru idan ƙanwarta ce. Haka kuma muryar da ta fi fitowa a rubuce ta masu waya ce da kuɗin data, waɗanda suka fi yawa a birane, alhali hukuncin tsakar gidan Rabah ko Goronyo da baki ake yanke shi, iska ta tafi da shi. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne wannan: iyakar da ke motsa masu karatu ba tsakanin Bahaushe da duniya take ba, a cikin al'ummar kanta take, kuma tana matsawa gwargwadon halin da ake ciki.

Gabashin Sakkwato ya nuna wannan matsawa a fili. Shekaru da dama Bafulatana ita ce jarumar da aka fi so a littafin soyayya, rugar Fulani kuma dandalin kunya da tsarkin zuciya. Sai ga ta'addancin 'yan bindiga ya mamaye yankin, har aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar a Satumban 2021, aka kuma kai hari kasuwar Goronyo a Oktoban shekarar, mutane da dama suka rasa rayukansu. Zargi ya shiga tsakanin maƙwabtan da suka yi ƙarnoni suna auratayya, har aka fara jin masu raba Bahaushe da Bafulatani a siyasa da kafofin sadarwa. A irin wannan yanayi, labarin manomi da 'yar ruga ya tashi daga tatsuniyar nono da fura ya zama magana mai nauyi, wadda wani zai ji ta a matsayin kiran sulhu, wani kuma ya ji ta a matsayin rufe ido ga jinin da aka zubar. Yariman Dubai bai sauya ba ko kaɗan a idon mai karatu, domin ba shi da hannu a komai. Wanda ya sauya shi ne na kusa.

Saboda haka hanyar da aka bi a Kano a 2007, lokacin da aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sannan daga baya hukumar tace finafinai ta nemi marubuta su yi rajista, ta ginu ne bisa kuskuren ɗaukar mai karatu a matsayin wadda za a kare, ba wadda za a saurara ba. Aikin da ke gaban sassan nazarin harsunan Nijeriya, musamman na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da take maƙwabtaka da waɗannan garuruwa, shi ne su ɗauki hukuncin masu karatu a matsayin matanin nazari, su tattara shi daga zaure da tsakar gida, su tantance wane aure ake yafewa, wane ake ƙi, da wace hujja. A nan ne za a ga yadda al'umma take sake zana iyakokinta, tun kafin maganar ta kai gaban alƙali ko mumbari.