Jita a Bakin Iyaka: Kiɗan da Kamba Ta Saurara daga Tawa, Yamai da Paraku

A ƙasashen Turai da Amurka akwai musun da ba ya tsufa a tsakanin dattawan da suka yi samartaka a shekarun 1960 da 1970. Wa ya fi iya jita tsakanin Jimi Hendrix da Eric Clapton? Wa ya halarci gangamin Woodstock a watan Agustan 1969, wa kuma ya ji labari kawai? Musun yana da daɗi a wurinsu domin suna da abin kafa hujja: faifai na nan, fim na nan, jaridun lokacin ma na nan. Ƙasar Hausa ita ma ta yi nata zamanin jitar lantarki, sai dai tarihinsa ya rabu gida biyu a kan iyaka. Babu inda ya fi dacewa a tsaya a dubi wannan rabuwa kamar Kamba, hedkwatar ƙaramar hukumar Dandi a Jihar Kebbi.

Daga Kamba zuwa Gaya ta Jamhuriyar Nijar tafiya ce ƙanƙanuwa. Daga Gaya kuma gada ce kawai a kan kogin Kwara ta raba mutum da Malanville ta Jamhuriyar Benin. A kudu akwai Bagudo da Illo, waɗanda ke maƙwabtaka da tsohuwar ƙasar Bargu, wadda Ingila da Faransa suka raba a yarjejeniyar 1898. Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Hausawa da Fulanin wannan yanki dangin juna ne ta kowane ɓangare. A wancan zamani, jirgin ƙasan da ke tasowa daga Kwatano a Paraku yake tsayawa, daga nan manyan motoci su kwashi kaya zuwa Malanville da Gaya da Doso har Yamai. Hanyar da kaya ke bi ita faifai da kaset ke bi. Rediyo kuwa ba ya neman izinin kwastan: mai akwati a Kamba yana iya kama Kaduna ko Sakkwato, ya kuma murɗa ya kama Muryar Sahel daga Yamai, wadda ke watsa shiri da Hausa da Zabarmanci.

Abin da ya zo daga kudu

Guguwar kiɗan rok da na sol ta iso gaɓar Afirka ta Yamma da ƙarfi. James Brown ya yi wasa a Legas a 1970. A ranar 6 ga Maris 1971 aka yi gangamin Soul to Soul a Akara, inda Santana da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka hau dandali. Bayan yaƙin basasar Najeriya, samari suka kafa ƙungiyoyi irin su BLO da Funkees, da Ofege ta ɗaliban kwalejin St Gregory a Legas. A 1973 Paul McCartney ya zo situdiyon EMI na Legas ya naɗi yawancin faifansa Band on the Run.

Arewacin Najeriya ya samu rabonsa, amma a birane da harabar jami'a. Bongos Ikwue ya kafa ƙungiya tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Bala Miller ya jagoranci babbar ƙungiyar makaɗa a Kaduna, yana rera wasu waƙoƙin da Hausa. Duk da haka kiɗan ya zauna a matsayin na kulob da otal da Sabon Gari, bai shiga cikin birni ya zama na gida ba.

Wanda ya fi kusa da kunnen mutanen Dandi daga Paraku ya fito. A can Musa Mama ya jagoranci ƙungiyar Super Borgou, wadda ta haɗa jitar lantarki da kaɗe-kaɗen arewacin Dahomey, tana waƙa da harshen Bariba da Dandanci. Kamfanin Albarika Store ne ya fitar da faifanta, shi ne kuma ya fitar da da yawa daga na Poly-Rythmo ta Kwatano, wadda Melome Clement ya kafa. Ga ɗan Kamba ko ɗan Illo, waƙar Dandanci a kan jita magana ce ta gida da aka ɗora a kan sabon kayan kiɗa.

Abin da ya zo daga arewa

A Nijar labarin ya ɗauki wani salo, kuma gwamnati ce ta ɗora shi a kai. Da Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974, sai ya farfaɗo da Samariya, ya mai da ita hanyar tattara matasa. Aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa, kowace jiha ta turo 'yan wasanta su kara. A 1987 aka soma gasar Ɗan Gurmu domin kiɗan zamani, aka sa mata sunan shahararren makaɗin Tawa. Daga baya aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai da sunan Alhaji Taya, ɗaya daga cikin jagororin makaɗan zamani na ƙasar. A cikin wannan yanayi Sa'adu Bori da Musa Fusi suka yi tashe, har aka haɗa su a faifai guda mai suna Niamey Twice a tsakiyar shekarun 1990.

Ƙungiyar da ta fi cancanta a kira ta rok tsantsa kuwa ita ce Azna de l'Ader ta Tawa, ƙarƙashin jagorancin makaɗin jita Mona, wanda masoyansa ke kwatanta shi da Hendrix. Sunan ƙungiyar kansa bayani ne: Azna su ne Hausawan Adar da suka riƙe al'adun kakanni. Mona ya ɗauki kukan jitar da ya ji a faifan Turawa ya aza shi a kan kiɗan Adar mai kama da na bori, yana waƙa da Hausa. Ƙungiyar ta shafe shekaru tana wasa tun daga shekarun 1970, amma ba ta fitar da faifai a lokacin tashenta ba, ba ta kuma yi nisa da yankinta sosai ba. Wanda ya san Mona a wancan zamani, ko dai ya gan shi da idonsa a dandali, ko ya ji shi a rediyo.

Me ya raba Hausawan biyu?

Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, aure ma ana ƙullawa a tsakani. Abin da ya bambanta shi ne wanda ke ɗaukar nauyin makaɗi. A ɓangaren Najeriya tsarin ubangida yana da ƙarfi: Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo sun rayu a inuwar sarakuna da masu mulki, Mamman Shata kuma a ta attajirai da jama'ar gari. A wannan tsari kalma ce jari. Kotso da taushi da kalangu suna yi wa magana rakiya, ba sa danne ta. Jitar da za ta yi minti biyar tana kuka ba tare da an ambaci sunan kowa ba ba ta da wanda zai yi mata kyautar doki ko kujerar Makka. Ga kuma matsayin roƙo a al'ada, wanda ya sa ɗan boko daga gidan mutunci yake jin nauyin a gan shi da kayan kiɗa.

A Nijar gwamnati ta zama sabon ubangida. Malamin makaranta ko ma'aikaci yana iya riƙe jita da sunan wakiltar jiharsa, ba a ce masa maroƙi ba. Alamar wannan ta daɗe: jagoran Tal National ta Yamai, wanda aka fi sani da Almeida, ya yi aikin alƙali yana kuma kaɗa jita.

Da matasan Kano suka tashi neman kiɗan zamani nasu, sai suka bi ta wata ƙofa. Finafinan Indiya sun riga sun kama zukata, masana'antar fim ta Hausa ta kankama daga 1990, fiyano mai ƙwaƙwalwa kuma ta maye gurbin ƙungiya guda: mutum ɗaya a ɗaki yana iya fitar da sautin makaɗa goma. Bayan ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa, ciki har da Kebbi a shekarar 2000, wasan dare a bainar jama'a ya ƙara ja baya.

Musun da ya rage

Masoya wannan kiɗa suna da nasu saɓanin. Wasu na ganin jita kwaikwayo ce, kuma asalin kiɗan Hausa yana wurin goge da gurmi da kukuma. Wasu na amsa cewa duk wanda ya saurari yatsun Mona ko na makaɗan Super Borgou zai ji molo da goge ne suka sauya murya. Akwai kuma tsohon ƙorafin masoyan rok a ko'ina, cewa faifai bai taɓa kama zafin dandali ba. A nan ƙorafin ya fi nauyi, domin wasannin da aka yi a filayen Samariya da gidajen matasa mafi yawansu ba a naɗe su ba. Mai ba da labari ne kaɗai shaida, kuma waɗanda suka yi samartaka a 1975 yau sun kai saba'in ko suna dab da ita.

Abin da aka ceto, yawancinsa baƙi ne suka ceto shi. Kamfanin Analog Africa na Samy Ben Redjeb a Jamus ya sake fitar da waƙoƙin Poly-Rythmo, ya kuma tattara na Super Borgou a 2012. Sahel Sounds na Christopher Kirkley a Amurka ya fito da kiɗan Mamman Sani a 2013, sannan ya fitar da na Azna de l'Ader daga tsofaffin naɗe-naɗe, a faifai mai suna Zabaya. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da Bombino na Agadas yanzu suna cika zauruka a Turai da Amurka, inda ake saka su a jerin manyan makaɗan jita na wannan zamani.

Iyakar da kiɗan ya riƙa ƙetarewa ta sha rufewa a baya-bayan nan: Najeriya ta garƙame ta a Agustan 2019, aka soma buɗe ta a Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023. Wayar hannu ta rage wa waƙa wahalar ƙetarewa, amma ba ta iya ɗauko abin da ba a taɓa naɗa ba. Sassan nazarin Hausa da na aikin jarida a Sakkwato da Birnin Kebbi da Yamai sun yi aiki mai yawa a kan makaɗan fada. Tsohon direban hanyar Paraku, da mai sayar da kaset a kasuwar Kamba, da malamin da ya raka tawagar jiharsa zuwa bikin matasa, su ma suna da abin faɗa, kuma rakoda guda da yini guda sun isa a soma ɗaukarsa tun suna raye.