Rabuwar Yaro Da Mahaifiyarsa Tun Yana Ƙarami: Abin Da Bincike Ya Gano

A Jalingo, babban birnin jihar Taraba, kamar sauran garuruwan Arewa, yaro kan rabu da mahaifiyarsa ta hanyoyi da dama: yaye, riƙo, mutuwar aure, rasuwar uwa wajen haihuwa, ko gudun hijira sakamakon rikice-rikice. Masana halayyar ɗan Adam sun ce girman illar ya danganta da shekarun yaron, da yadda aka yi rabuwar, da kuma wanda ya maye gurbin uwar.

Asalin binciken

A shekarar 1951, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton da ya nuna cewa ƙaramin yaro na buƙatar shaƙuwa mai ɗorewa da uwa, ko wadda ta tsaya a matsayinta. Shi da abokin aikinsa James Robertson sun bayyana matakai uku da yaron da aka raba da uwarsa kan shiga: kuka da tirjiya, sai yanke ƙauna, sannan janye jiki daga mutane. Manya kan ɗauki shirun ƙarshe a matsayin haƙuri, alhali sau da yawa alamar damuwa ce.

Wani bincike da aka fara a Bukares ta ƙasar Romaniya a shekarar 2000 ya bibiyi yara 136 na gidajen marayu. Waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi saura samun natsuwa da shaƙuwa da masu renonsu.

A ƙasar Hausa

Binciken da Robert Marvin da abokan aikinsa suka wallafa a 1977 kan jariran Hausawa ya gano cewa jariri kan shaƙu da mutane da dama a gida, amma akwai mutum guda da ya fi neman mafaka wurinsa, galibi wadda ta fi ɗaukarsa. Wannan ya nuna cewa renon kaka ko goggo kariya ce, muddin yaron ya saba da su tun farko.

Haɗarin yana ga rabuwar ba-zata. A al'adar yaye, akan kai yaro gidan kaka rana ɗaya, ya rasa nono da goyo da ɗumin uwa lokaci guda. Shaƙuwa na ƙarfi ne daga wata 6 zuwa shekara 3, wato daidai lokacin yaye. Haka abin yake ga ɗan riƙon da ake yawo da shi daga hannu zuwa hannu.

Alamomi da mafita

Alamomin damuwa sun haɗa da ƙin cin abinci, firgita cikin barci, komawa fitsarin kwance, yawan manne wa mutane, ko shiru marar dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar shayarwa har shekara 2 ko fiye, kuma a 2022 ta ce a riƙa ɗora bakwaini a ƙirjin uwa da zarar an haife shi, maimakon raba su.

Masana na shawartar a yi yaye sannu a hankali. Inda rabuwa ta zama dole, a damƙa yaron ga mutum ɗaya tsayayye da ya sani, a bar masa zanen goyonsa, a kuma ba uwa damar ziyara. Idan alamomin suka daɗe, a kai shi asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo.