Asalin Asusun Lafiya a Ƙasar Dakoro

Tun kafin likita ta iso ƙasar Dakoro, mutanen Ajekoriya, ɗaya daga garuruwanta, ba su saba barin majiyyaci shi kaɗai da lalurarsa ba. Dangi su sayar da akuya, maƙwabta su yi masa gayya, mata kuwa su bai wa uwargidansa kwasar adashi. Sai dai wannan ta'awuni ba ya motsawa sai cuta ta riga ta kwantar da mutum.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka hallara a Bamako, suka zartar da cewa, tun da yake baitulmali ya gaza, wajibi ne jama'a su ɗauki wani kaso na kuɗin magani. Da Nijar ta zo jarraba wannan hukunci a 1993, sai ta bi hanya biyu: a Say, baligi ya biya dala 40 ta kuɗin sefa duk lokacin da ciwo ya kai shi likita, a Boboye kuwa, kowane mai biyan haraji ya ƙara dala 40 a shekara yana da ƙoshin lafiyarsa, ranar ciwo ya ba da dala 10 kacal. Matalauta sun fi zuwa neman magani a Boboye, amma duk da wannan hujja bayyananniya, bayan dokar biyan kuɗin magani ta 1995 galibin ƙasa tafarkin Say ta bi, kuma a ganina wannan babban rashi ne ga manomi, wanda zazzaɓi ke faɗo wa iyalinsa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

A 2006, zamanin Tandja Mamadu, aka yafe kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki, ko da yake jinkirin biyan gwamnati ya sha barin ɗakunan magani ba ƙwaya. Sa'an nan dokar 2008 ta ba asusun lafiya matsayi a shari'a: ƙungiya wadda ba riba take nema ba, masu zubi su ne masu ita, su ke zaɓen shugabanninta, su ke binciken lissafinta.

Kamfanonin inshora suna gasarsu a Yamai kan masu albashi, ba su da hajar sayar wa mai gero. Abin da karkarar Maraɗi, inda Dakoro take, ta mallaka domin gina irin wannan asusu shi ne tarbiyyar ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda tun 1991 suke zubi mako-mako, suna ware ɗan kaso domin rashin lafiya, suna ƙirga kuɗin akwati a gaban idon kowace mai zubi.