Sa wa tsohuwar a-kori-kura babban injin dizal: abin da ya kamata ka sani kafin ka aika inji gida

Duk wanda ya daɗe a Legas ko Onitsha ya san irin wannan kiran. Wani daga gida zai bugo waya, bayan gaisuwa da tambayar iyali sai ya ce, "To, ka ji motar nan ta gaji, ko za ka leƙa mana kasuwa ka duba inji?" Ni kawuna ne ya bugo daga Gombe. Yana da tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura da yake ɗaukar masara da wake daga ƙauyukan hanyar Dukku da Kumo zuwa kasuwar Tudun Hatsi, injinta na fetur ya soma shan baƙin mai kamar ruwa. Kuma ba irin injinta yake so ba. Yara sun nuna masa bidiyo a waya, wasu Turawa a Amurka sun cusa wa tsohuwar mota ƙaton injin dizal tana tashi kamar doki, shi ma irin wannan yake so. "Babba nake so, ɗana, wanda ba ya jin nauyin kaya."

Na rubuta wannan ne saboda 'yan uwa na Agege da Mile 12 da Sabo Ibadan da Ama Hausa, domin mu ake aike, kuma sau da yawa kuɗinmu ne ke ciki. Wani abu tun farko: a gida dizal ake ce wa "gas", don haka idan bakanike ya ce maka injin gas, dizal yake nufi, ba iskar CNG ba.

Abin da ake gani a bidiyon

Al'adar ta Amurkawa ce. Mutum zai samo a-kori-kura ta shekarun 1940 ko 1950, ya cire injinta, ya sa wanda ya ninka shi ƙarfi, don sha'awa da nuna gwaninta. Injin dizal ɗin da suka fi so shi ne Cummins 6BT, mai silinda 6 da girman lita 5.9, wanda kamfanin Dodge ya fara sa wa motocinsa na Ram a 1989. Injin nan shi kaɗai nauyinsa ya kusa kilo 500. Abin da bidiyon ba ya tsayawa ya nuna shi ne, yawanci gangar jikin ce kawai tsohuwa. A ƙasa an canza shasi ko an ƙara masa ƙarfe, an canza giya, an canza aksil, an canza birki. Kuma motar ba ta ɗaukar buhu ashirin ta bi hanyar ƙauye da damina. Ado ce.

Mu kuwa abin da muke da shi daban ne. Kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Shi ya sa har yau ba ka rasa ta a tashoshin Gombe, tare da tsofaffin Toyota Hilux. Mafi yawansu na fetur ne, na 504 lita 1.8 ko lita 2. Motar gaba ɗaya ba ta kai tan ɗaya da rabi ba. Ka ɗora mata rabin tan a kan tayoyin gaba, ai ka gama da ita tun ba ta bar gareji ba.

Me ya sa ake son dizal ɗin

Injin dizal ba shi da fulogi mai ba da wuta, ba shi da kafireto. Matse iska yake yi har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. Tsofaffin injinan fetur suna matse iska kamar sau 8 ko 9, irin waɗannan na dizal kuwa sau 21 zuwa 23. Daga nan komai ya samo asali: ƙarancin shan mai, ƙarfin ja tun injin bai ɗauki gudu ba, da kuma nauyi da jijjiga, tun da dole a yi shi da ƙarfe mai kauri. Ga mai ɗaukar kaya a yashi ko a hawa, wannan ƙarfin ja shi ne abin nema. Amma injin ba ya juyawa da sauri kamar na fetur. Yawancinsu daga juyi 4,000 zuwa 4,500 a minti sun ƙure, na fetur kuwa yana wuce 5,000 ba tare da ya damu ba.

Sai lissafin mai, wanda nan ne mutane suke yaudarar kansu. A ce inda injin fetur ya sha lita 4, na dizal ya sha 3. To ribarka tana nan ne muddin kuɗin litar dizal bai ɗara na fetur da kashi ɗaya cikin uku ba. Da ya wuce haka, asara kake. A 2022 dizal ya haura naira 700 alhali fetur mai tallafi bai kai naira 200 ba a gidajen man gwamnati, lokacin masu injin dizal sun sha wuya. Bayan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tazarar ta ragu ƙwarai, daga nan maganar juya inji ta sake tasowa. Don haka kada ka yi lissafi da farashin bara, kuma kada ka yi da na Legas. Ka sa a tambayo maka farashin duka biyun a Gombe a makon da za ka saya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Injin fetur ana iya juya shi ya yi aiki da CNG cikin sauƙi, saboda yana da fulogi. Na dizal ba haka ba. Wanda ya cire na fetur ya rufe wa kansa wannan ƙofar, ko da yake ba ta da amfani sai inda akwai wurin cika iskar kusa.

Wane inji ne ke shiga wace mota

Bakaniken da ke duba motar kawu dattijo ne, ya fi shekara talatin a kan Peugeot. Da aka ba shi wayar, bai ja magana ba. Ya ce, "Alhaji, 'yar gida ake aura wa ɗan gida." Nufinsa, Peugeot da kansu sun yi 504 mai dizal, da injinan da ake kira Indenor: akwai XD2 mai lita 2.3, akwai XD3 mai lita 2.5. Tun da masana'anta ta riga ta tsara wurin zamansu, ana samun kujerun inji da bakin giya da suka dace, ba sai an yi ta yanke-yanke ba. XD2 ƙarfinsa kamar doki 70 ne, bai kai na fetur mai lita 2 ba, saboda haka kada a sa ran gudu. Rauninsa kuma zafi: kansa na alminiyom ne, idan ya tafasa sau ɗaya ko biyu yana iya lanƙwasa ko ya tsage.

Ga Hilux abin ya fi sauƙi, domin tana da shasi na gaske kuma Toyota sun sayar da ita da dizal tun asali. Dangin L ne: 2L mai lita 2.4, 3L mai lita 2.8, 5L mai lita 3. Sunayen na ruɗa mutum, 3L ba lita 3 ba ne, ka kula da wannan a kasuwa. Dukansu da bel suke tafiyar da taimin, kuma idan bel ɗin ya tsinke bawul da fistin za su yi karo. Duk injin da ka saya, a canza masa bel kafin a ɗora shi, kada ka yarda da "ai sabo ne". Akwai kuma 5L-E, wanda famfonsa ke aiki da ƙwaƙwalwar lantarki. Idan ba a haɗo maka da ƙwaƙwalwar da wayoyinta ba, ka sayi ƙarfe ne kawai. Sababbin irin su 1KD da 2KD sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba sa yafe gurɓataccen mai, kuma gyaran nozul ɗinsu tsada gare shi. Ga motar da za ta riƙa shan man jarka a ƙauye, ni dai ban ba da shawara ba.

Shi kuwa 1HZ, mai silinda 6 da lita 4.2, inji ne na kirki, amma na Land Cruiser ne da bas ɗin Coaster. A bar shi a can.

Abin da ke biyo bayan injin

Nan ne kuɗi ke tafiya. Na farko birki, kuma shi ne wanda ke kashe mutane. A motar fetur, abin da ke sa birki ya yi laushi a ƙafa iskar da injin ke zuƙa ce. Dizal ba ya samar da wannan zuƙar, sai an sa masa ƙaramin famfo na musamman. A injinan Toyota na dangin L famfon yana manne a bayan altaneta. Idan babu shi, ko aka haɗa shi da wasa, birki zai yi tauri kamar dutse. Wanda ya san Gombe ya san garin a kwari yake, mai shigowa daga hanyar Bauchi gangarowa yake yi ta Tumfure har cikin gari. Ka ƙaddara mota cike da buhuna, da ƙarin nauyin inji a gaba, direba ya taka birki bai ji komai ba.

A garejin da muka yi aiki akwai wata 504 a ajiye da aka taɓa cusa wa injin ƙaramar babbar mota. An yanka bangon da ke tsakanin inji da direba, an ɗaga bonet, an yi walda ta ko'ina. Ta yi tafiya, ba a ce ba ta yi ba. Amma gabanta ya durƙusa, sitiyari ya yi nauyi, tayoyin gaba suna cinyewa ta gefe guda, giya kuma ta zubar da haƙora cikin 'yan watanni, saboda ba a yi ta don irin wannan ƙarfin ba. Gaban 504 ba shasi mai kauri ba ne kamar na Hilux, jikin motar ne ke ɗauke da inji, jijjigar dizal kuma tana bin walda tana tsaga ta. Kaji ne ke kwana a cikinta yanzu.

Sai aksil na baya. Tun da dizal ba ya juyawa da sauri, idan aka bar haƙoran aksil na fetur, motar za ta yi ta kuka a kilomita 80 ko 90 a awa kamar za ta fashe, man da ake son tattalawa kuma ya tafi. Wanda aikinsa ƙauye zuwa kasuwa ne zai iya haƙuri da haka. Wanda zai riƙa zuwa Kano ko Yola sai ya nemi haƙoran da suka dace.

Lagireto ma sai an sa mai kauri, da fanka mai kyau, domin zafin Maris da Afrilu a Gombe ba wasa ba ne. Batir sai babba, da wayoyi masu kauri, don tada injin da ke matse iska sau ashirin ba ƙaramin aiki ba ne. Hita kuma, wato fulogin ɗumama inji, kada a raina ta. A Legas kana iya shekara ba ka san ta mutu ba, amma da asubahin hunturu a Gombe, ba hita ba tashi, sai turi. Tanki a sauke a wanke, a ƙara bututun da ke mayar da rarar mai, a sa matatar da ke raba ruwa da mai. Salansa ma yawanci sai an sake ta.

A kasuwa

Ko Ladipo ka je a Mushin, ko Nkwo Nnewi, ko Mgbuka Obosi, ko Agodi Gate a Ibadan, ka tafi da bakaniken dizal, ba na fetur ba. A tada injin a gabanka, kuma a sanyi. Ka taɓa shi da hannunka kafin a kunna, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Yana aiki, a buɗe murfin zuba baƙin mai. Idan hayaƙi na bugowa da ƙarfi, zobban fistin sun tafi. Baƙin mai ya yi fari-fari kamar madara, ruwa na shiga. Hayaƙi shuɗi da bai ɗauke ba, yana ƙona baƙin mai.

Ga kuskurena, kuma nawa ne ni kaɗai. Na yi ciniki a kan "inji", ban ce "da kayansa" ba. Aka loda shi a tirelar da ta sauke kaya za ta koma Arewa, ya kwana huɗu a hanya, da ya isa Gombe sai bakanike ya kira ni: babu kik, babu faifan da kuloci ke kamawa, babu kujerun inji, babu famfon birki. Na fetur ba sa shiga. Sai da aka bi Kofar Ruwa a Kano aka tattaro su ɗaya bayan ɗaya, motar ta yi sati uku a kan duwatsu ana tsakiyar kaka, lokacin da ya kamata ta fi kowane lokaci aiki. Kawu bai ce mini komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ka sa a rubuta kowane abu a rasit: kik, altaneta, famfon injekta, faifan kuloci, bakin giya, kujeru, na'urar hita. Idan da hali ka sayi inji da giyarsa a haɗe.

A rasit ɗin kuma a rubuta lambar injin, ka duba da idonka cewa ita ce a jikin ƙarfen. Takardun mota suna ɗauke da lambar tsohon inji, don haka bayan an gama aiki a je ofishin lasisi a gyara, tare da rasit. In ba haka ba, duk shingen 'yan sanda ko na VIO sai an yi dogon bayani, kuma ranar da za a sayar da motar mai saye zai rage kuɗi.

XD2 muka sa a ƙarshe. Motar ba ta gudu, yaran tasha suna mata dariya idan ta taso da ƙararta, kuma kawu ya koyi jira hita ta ɗauke kafin ya murza makulli. Tana hawa tudun Tumfure da kaya a giya ta biyu ba ta tsaya shan iska ba. Bakanike ya ce a dawo masa da ita kafin zafi ya shigo ya sake duba lagireto, don wanda muka sa na hannu ne.