Daga Alƙahira Zuwa Kano: Jirgin Yaƙi Mai Fiffike Hawa Biyu da Darasin Ƙera Kamanninsa

Ranar 1 ga watan Nuwamba na shekarar 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sama guda uku suka sauka a filin sukuwa na Kano. Su ne jirage na farko da suka taɓa sauka a birnin. Na sojan sama na Ingila ne, kowannensu kuwa yana da fiffike hawa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, an haɗa su da sanduna da wayoyi. Kafin su iso, sai da suka ratsa ta saman ƙuryar arewacin Kamaru, tsakanin Fort Lami da Maiduguri. An daɗe da daina yaƙi da irin waɗannan jirage, amma har yanzu akwai mutane a ƙasashe da yawa masu ƙera ƙananan kamanninsu, waɗanda za a iya ɗorawa a tafin hannu. Wannan aiki ba zai gagari yaran unguwar Dougoi a Marwa ko yaran Garwa ba, gama hannunsu ya riga ya saba da motar kara da ta langa-langa. Sai dai wanda zai sa yaro ya ƙera jirgin yaƙi, ya kamata ya san labarin da zai ba shi tare da jirgin.

Abin wasa ne mafari

A shekarar 1878, wani bishop na ikilisiyar United Brethren a Amurka, mai suna Milton Wright, ya kawo wa 'ya'yansa biyu tsaraba. Wani ɗan abin wasa ne da aka yi da takarda da gora da roba, idan aka murɗa robar aka sake shi sai ya tashi sama. Yaran, Wilbur da Orville, suka yi ta wasa da shi har ya lalace, sa'an nan suka shiga ƙera irinsa da kansu. Da suka girma suka zama masu gyara da sayar da kekuna, amma tunanin tashi sama bai rabu da su ba. Ranar 17 ga Disamba 1903, wato shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da yaƙi, jirginsu mai inji ya tashi da mutum a cikinsa. Daƙiƙa 12 ya yi a sama, ya ci tazarar mita 37. Shi ma fiffikensa hawa biyu ne.

Akwai dalilin da ya sa magina jirgi na wancan zamani suka fi son hawa biyu. Injinan lokacin ba su da ƙarfi, saboda haka dole jirgi ya zama marar nauyi, a yi shi da katako da yadi. Fiffike guda na katako idan ya yi tsawo yana iya karyewa. Amma idan aka jera biyu, aka kafa sanduna a tsakaninsu, aka ɗaure da wayoyi a gicciye, sai su zama kamar akwati, kowanne yana tallafar ɗan'uwansa. Mai ginin rumfa ya san wannan hikima.

Yadda ya zama makami

Ba a daɗe ba sojoji suka sa ido. A 1909 rundunar sojan Amurka ta sayi jirgi daga hannun 'yan'uwan nan a kan dala 30,000, shi ne jirgin soja na farko a duniya. Bam na farko da aka jefo daga jirgin sama kuwa, a ƙasar Afirka ya faɗo. Ranar 1 ga Nuwamba 1911, lokacin yaƙin Italiya da Turkiyya, wani hafsan Italiya mai suna Giulio Gavotti ya jefa ƙananan bama-bamai da hannu a Ain Zara da Tajura, kusa da Tarabulus, birnin da ayarin fatake na Kano suka daɗe suna zuwa. Shekara 14 cif ke nan kafin ranar da jirage suka sauka a Kano.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, jirgin sama ya bunƙasa a Turai cikin hanzari. Amma a ƙasar Adamawa yaƙin a ƙasa aka yi shi, da ƙafa da bindiga da igwa. Jamusawa suna riƙe da Garwa tun 1901, sun kuma haƙa ramuka sun yi ganuwa a tuddan garin. A ƙarshen watan Agusta 1914 sojan Ingila suka taso daga Yola suka kai hari, aka kore su, shugabansu Kanar Maclear ya mutu a fagen. Sai a shekara mai zuwa Ingila da Faransa suka haɗa ƙarfi a ƙarƙashin Kanar Cunliffe da Kanar Brisset, aka kawo igwar jirgin ruwan yaƙi ta Kogin Kwara da Binuwai, aka yi wa garin ƙawanya, har ya miƙa wuya ranar 10 ga Yuni 1915. A dutsen Mora, arewa da Marwa, Kyaftin von Raben ya ci gaba da tirjiya har zuwa Fabrairu 1916. Yawancin sojojin ɓangarorin biyu 'yan Afirka ne, da Hausawa a cikinsu, ban da dubban 'yan dako da suka ɗauki kaya a ka. Su ne suka sha wahalar yaƙin da ba su ne suka tayar ba.

Tafiyar 1925

Jiragen da suka zo Kano samfurin DH.9A ne. An ƙera irinsu a 1918 domin jefa wa Jamus bam. Injinsu ƙirar Amurka ne mai suna Liberty, mai silinda 12 da ƙarfin doki 400. Gudunsu ya kusan kilomita 200 a awa. Mutum biyu suke ɗauka, matuƙi a gaba da mai bindiga a baya, dukansu a buɗe, iska da rana suna dukansu. Jirgin yana iya ɗaukar bam mai nauyin kilo 300 ko kusa da haka. Bayan yaƙi Ingila ta yi amfani da shi a Iraƙi wajen jefa bam a kan ƙauyukan da suka ƙi biyan haraji ko suka yi wa gwamnati tawaye, domin hakan ya fi aika runduna arha.

Jirage uku na runduna ta 47 suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba 1925, a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka bi Kogin Nilu ta Wadi Halfa zuwa Hartum, suka juya yamma ta El Obeid da El Fashar da Abeshe, suka sauka Fort Lami, birnin da ake kira Njamena yanzu. Daga nan suka ƙetare ƙasar Kamaru zuwa Maiduguri, sa'an nan Kano. Kwana shida suka yi. Hanyar kuwa ita ce tsohuwar hanyar alhazai, wadda mutanen ƙasar Hausa sukan yi watanni, wasu ma shekaru, suna binta da ƙafa da jaki. Daga Kano suka wuce Kaduna, suka koma Masar a cikin watan Nuwamban. Nufin tafiyar shi ne a gwada ko jirgi zai iya haɗa Masar da Afirka ta Yamma, a kuma nuna wa talakawa da sarakuna ƙarfin masu mulki. A wannan shekara ce masu bishara daga ƙasar Norwe suka kafa aiki a Ngaundere, a lokacin da tafiya a ƙasar Adamawa ta ƙafa ce, ko doki, ko kwale-kwale.

Ƙera kamanninsa

A 1932 wani kamfanin Ingila ya fara sayar da guntayen katako a kwali, da sunan Skybirds, domin yara su haɗa jirgi. A 1936 aka fito da na roba masu suna FROG Penguin. Dukansu sun bi ma'auni ɗaya, wato ɗaya cikin 72, wanda har yau ake amfani da shi. Ma'anarsa ita ce, a raba kowane awo na babban jirgi gida 72. Faɗin fiffiken DH.9A mita 14 ne, sai ya zama santimita 19 da rabi. Tsawon jikinsa mita 9 da 'yan kai, sai ya zama santimita 13. A Yaƙin Duniya na Biyu ma wannan sana'a ta shiga aikin soja: a 1942 gwamnatin Amurka ta nemi 'yan makaranta su ƙera ƙananan jirage 500,000 a kan wannan ma'auni, domin a koya wa sojoji rarrabe jirgin gida da na abokan gāba.

Wanda ya sami kwalin haɗawa, sai ya fara da cikin jirgi, ya shafa wa kujeru fenti kafin ya manne ɓangarori biyu na jiki, gama bayan an rufe hannu ba zai shiga ba. Daga nan sai fiffiken ƙasa da wutsiya. Wurin da yake gwada haƙurin mutum shi ne ɗora fiffiken sama. Sanduna takwas ne a tsakanin fukafukan, huɗu a kowane gefe, ban da gajerun da suke kan jiki. Idan ɗaya ta karkace, jirgin duka ya karkace. Masu gwaninta sukan yanka kwali su yi masa matokara, su bar gam ya bushe har kwana guda. Bayan haka sai a ja zare siriri a madadin wayoyi, a gicciye, daga gindin wannan sanda zuwa kan waccan. Launin jiragen Ingila na wancan zamani ruwan azurfa ne, da tambari zagayayye mai shuɗi a waje, fari a tsakiya, ja a ciki. Waɗanda suka yi aiki a ƙasashe masu zafi an ƙara musu lagireto a ƙarƙashin hanci, sau da yawa kuma da taya ta ko-ta-kwana a ɗaure a jiki.

Irin wannan kwali yana da tsada, samunsa kuma da wuya a kasuwannin Marwa da Garwa. Amma bayan girbi kara ba ya wuya. Totuwar karan dawa ta isa jiki, ɓawonsa idan aka fere ya isa haƙarƙarin fiffike, a lulluɓe da takarda a manne da ƙaro. Tsinken tsintsiya ya isa sanduna, a bar tazarar kimanin santimita biyu tsakanin fukafukan. Tsohon silifa ya isa tayoyi, gwangwani ya isa farfela. Wannan ma ya fi na roba kusa da gaskiya, gama ainihin jirgin ƙashin katako ne da aka lulluɓe da yadin lilin, aka shafa masa wani irin fenti mai sa shi ya ɗame kamar fatar ganga. Yaron da ya yi wannan aiki ya koyi lissafi da awo, ya kuma gane da hannunsa cewa abin da ya girgiza Kano a 1925 aikin kafinta ne da tela da maƙeri.

DH.9A guda ɗaya ya rage a duniya. Jamusawa suka kama shi a Oktoba 1918, aka ajiye shi a Berlin, yaƙi na biyu ya kai shi Krakow a ƙasar Polan, daga baya aka mayar da shi Landan, gidan tarihin sojan sama.

Hanya ɗaya, amfani biyu

Hanyar da Coningham ya buɗe ba ta rufe ba. A 1936 jiragen fasinja da wasiƙu suka fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Daga 1940 kuma, bayan Cadi da Kamaru sun bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta, aka riƙa haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ana tura su Masar ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lami. Fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Coningham kansa ya zama shugaban sojan sama a yaƙin hamadar Libiya da Masar. Ya rasu a Janairu 1948, sa'ad da jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace a tekun Atlantika.

Daga cikin matuƙan wannan yaƙi akwai masu bi da suka ce gwanintar da suka koya za ta iya yin wani aiki dabam. A 1945 suka kafa ƙungiyar jiragen mishan ta MAF. Tafiyarta ta farko, a Fabrairu 1946, wata mace ce ta yi ta, Betty Greene, wadda ta tuƙa jiragen soja a Amurka. Ta ɗauki ma'aikatan fassarar Littafi Mai Tsarki guda biyu zuwa Mekziko, a cikin jirgi mai fiffike hawa biyu. Daga baya ta yi aiki a Najeriya da Sudan. Jiragen mishan sun ɗauki marasa lafiya da magani da malamai zuwa wuraren da mota ba ta kaiwa da damina. Annabi Ishaya, a sura ta 2, ya hango lokacin da kayan yaƙi za su koma kayan noma, wannan kuwa ɗan ɗanɗano ne na wancan alkawari.

Yaran arewacin Kamaru ba baƙin labarin yaƙi ba ne. A watan Yuli 2015 bama-baman Boko Haram sun kashe mutane a cikin Marwa, a watan Oktoban shekarar kuma Amurka ta sanar da aika sojoji kimanin 300 zuwa Garwa tare da jirage marasa matuƙi domin leƙen asiri. Saboda haka idan uba ko malamin makarantar Lahadi ya zauna da yara za su ƙera ɗan jirgin kara, kada ya tsaya ga awo da fenti. Ya faɗa musu tsarabar da bishop ya kawo wa 'ya'yansa, ya faɗa musu ƙauyukan Iraƙi da 'yan dakon Garwa, ya kuma faɗa musu matuƙiyar da ta bar jirgin soja ta ɗauki masu fassara. Idan an zo ƙarshen aiki, akwai ƙananan guntaye da suka rage, wato bindigar baya da maratayar bam a ƙarƙashin fiffike. Ba daidai ba ne a ɓoye su, gama ainihin jirgin yana da su. A sa yaron ya manna su da hannunsa, bayan an gaya masa abin da suka yi wa mutane.