Daga Gonar Gado Zuwa Fuloti: Nazarin Adawar 'Yan Asalin Abuja da Faɗaɗar Birni

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin dalilan da ke sa ƙauyukan kewayen Abuja turjewa duk lokacin da aka shigar da ƙasarsu cikin taswirar birni. An dogara ne ga dokokin ƙasa, hukunce-hukuncen kotu da manufofin sake tsugunarwa tun daga 1976. Binciken ya gano cewa tushen rikicin shi ne doka ta kwance wa manomi mallaka tun kafin buldoza ta iso, diyyar da ake biya kuma ba ta haɗa da ƙasar ba.

Gabatarwa

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya da dokar soja mai lamba 6, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yanko kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara. Wurin ba daji ba ne. Gbagyi, Koro, Gade, Gwandara, Bassa da Ganagana suna zaune a ciki, suna noman doya da dawa, kakanninsu na binne a bayan gari. Niyyar farko ita ce a kwashe kowa a kai shi waje. Da aka ga yawan jama'ar da nauyin kuɗin, sai a 1978 gwamnati ta ja da baya, ta ce za a tashi waɗanda ginin birni ya taɓa kawai. Sauran suka ci gaba da zama a ƙasar da doka ta riga ta ce ba tasu ba ce.

Inda Gizo Ke Saƙa

A jihohi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bambanta ƙasar birni da ta karkara, ta kuma amince da haƙƙin gargajiya na mai noma gonarsa. Manomin Bichi ko Giwa yana da wannan madogara har ranar da gwamna zai ayyana yankinsa a matsayin birni. Manomin Kuje da ke yankin Abuja ba shi da ita. Sashe na 297(2) na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa dukkan ƙasar Abuja ga gwamnatin tarayya. Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar Ona da Atenda ta 2000, da Kotun Ƙoli a shari'ar Madu da Madu ta 2008, sun tabbatar da cewa haƙƙin gargajiya ba ya aiki a yankin, ministan Babban Birnin Tarayya kaɗai ke ba da fili.

Daga nan lissafin ya karkace. Jami'an tantance diyya sukan ƙirga ɗakuna, shuka da itatuwan amfani irin su ɗorawa, kaɗanya da mangwaro. Ƙasar kanta ba ta cikin jadawali. Amma darajar da sauya matsayin wuri ke haifarwa tana cikin ƙasar ne: ranar da aka kafa duwatsun awo aka yanka gona fuloti-fuloti, farashinta ya ninka, ribar kuma ta tafi ga wanda ya riƙe takardar minista, wanda sau da yawa bai taɓa taka wurin ba. Manomi ya karɓi kuɗin amfanin shekara guda, ya rasa na dukkan shekarun da ke gaba. Ba abin mamaki ba ne idan ya tare hanya.

Rashin tsayuwar manufa ya ƙara dagula lamarin. An kai mutanen Maitama zuwa Kubwa, aka ce a 1992 Garki za ta zauna inda take a saje ta da birni, daga baya aka koma batun tashi. Gidajen da aka gina a Jibi domin 'yan asali sun ƙare a hannun jami'an tsaro. Wanda ya ga haka, da wuya alkawarin sabon matsuguni ya shiga kunnensa.

Salon Turjiyar

A zamanin minista Bala Mohammed, shirin bai wa kamfanoni fili su gina tituna da magudanan ruwa ya gamu da ƙorafin al'ummun Ketti da Waru. A 2019 masu zanga-zanga kan filayen da ake taƙaddama da sojoji sun tsayar da ayarin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo a hanyar filin jirgin sama. Titi ya zama majalisarsu saboda ba su da wata: yankin ba shi da gwamna ko majalisar jiha, ministan da ke raba filayensu kuwa ba su suka zaɓe shi ba. Abin lura, buƙatun da suke maimaitawa su ne gonar musanya, diyya kafin rusau, da a bar musu maƙabartu. Ba su ce a daina gina birni ba.

Shawara

Majalisar Tarayya ce ke yi wa Abuja doka, don haka gyaran yana hannunta. Ya kamata ta wajabta sauraron jama'a kafin a sauya matsayin kowace gunduma, ta kuma tanadi cewa wani kaso na fulotan da aka yanka daga gona ya koma ga mai gonar, da takardar mallaka da sunansa.