Daga 'Yan Taru Zuwa Ajin Kwamfuta

A Zaitawa, cikin birnin Kano, nakan ga 'yan mata sun cika Islamiyya, amma a ajin kwamfuta sai ɗaiɗaiku. Ba haka magabatanmu suka koyar ba. Shehu Usmanu, cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke barin matansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa 'Yan Taru, kowace jaji tana kai karatu ƙauyuka. A Amurka ma, mata shida ne suka fara tsara ayyukan kwamfutar ENIAC a 1945. Ashe basira tana nan, dama ce muke hana su. Mu bar ƙannenmu mata su koyi wannan ilimi. Allah Ya sa mu dace.